Gargaɗi ga Mai Shirin Zuwa Tokyo: Ka Ji Tsoron Farashin da Ba a Rubuta Ba

Tun da darajar kuɗin Japan ta faɗi, har dala ɗaya ta haura yen 160 a tsakiyar 2024, magana ta bazu a wayoyin jama'a wai Tokyo ta zama ta kowa da kowa. A shekarar kaɗai baƙi kusan miliyan 37 suka shiga ƙasar, kuma akwai namu a ciki: masu sayen motoci da kayan gyara, ɗalibai, da masu zuwa buɗe ido. Ɗan'uwa, kafin ka biya kuɗin jirgi, tsaya ka saurara.

Tokyo tana da tsada ta gaskiya. A otal ɗin ƙasaita irin Aman ko Peninsula, kwana ɗaya kan haura yen 100,000, ga haraji, ga ladan hidima, amma mai shiga ya san abin da zai biya tun daga ƙofa. Tana kuma da araha ta halas: gado a otal ɗin kafsul (ɗan akurkin kwana na mutum ɗaya), ko ɗan ɗaki mai tsabta a Toyoko Inn, ko masaukan unguwannin Ueno da Asakusa da Minami-Senju. Nan ma farashi a rubuce yake. Wanda ake cuta shi ne mai son jin daɗin attajiri da kuɗin talaka, wanda wani ya raɗa masa cewa ya san hanya.

Tarkon yana farawa tun kana gida kana ɗaure kaya. Don gudun tsadar abinci da tsoron naman alade, mutum kan cusa kilishi ko dambun nama a jaka. Kada ka kuskura. Japan ta haramta shigo da nama ba tare da takardar hukuma ba, ɗanye ko busasshe, akwai karnuka masu shinshina a filin jirgi, kuma hukuncin yana kai wa tarar yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara 3. Abincin halal yana nan a Shin-Okubo da kewayen masallacin Otsuka. Maganin mura da na tari masu ɗauke da kodin ko sudo'efedirin su ma suna iya sa a tsare ka, don haka ka bincika kafin ka saka su.

Filin jirgin Narita yana da nisan kusan kilomita 60 daga tsakiyar birni. Tasi na iya cin yen 20,000 zuwa 30,000, shi ya sa idan wani ya tare ka da tayin mota a rabin kuɗi sai zuciya ta kwanta. Dubi lambar motar. Tasi mai lasisi koriyar lamba gare ta. Wanda ya tare ka da mota mai farar lamba haya yake yi ba bisa doka ba, kuma in aka yi haɗari babu tabbacin inshora za ta kula ka. Jirgin ƙasa na Keisei da bas ɗin tashar Tokyo duk sun fi shi sauƙi nesa ba kusa ba. Haka batun gidan haya na 'yan kwanaki: tun Yunin 2018 doka ta wajabta rajista da lamba. Wanda ya ce ka turo kuɗi ta waya alhali bai nuna maka lambar rajista ba, yana iya barin ka a titi da akwati.

Babbar masifar tana unguwar Kabukicho a Shinjuku, da unguwar Roppongi. Jiragen ƙasa suna tsayawa wajen sha biyun dare zuwa ƙarfe ɗaya, ba sa dawowa sai wajen biyar na asuba, tasi kuma tana ƙara kashi 20 cikin ɗari daga goma na dare. A daidai wannan lokaci baƙon da ya rasa jirgi yake tsaye cikin ruɗu, 'yan kamasho kuma sun cika titi. Za su ce ci da sha yen 3,000 kacal. In ka zauna sai takarda ta zo da kuɗin kujera, kuɗin hidima, kuɗin ƙarshen mako, har lissafi ya ninka sau goma ko fiye, ga ƙato a bakin ƙofa yana jiran ya raka ka wurin na'urar cire kuɗi. Japanawa suna kiran wannan damfara bottakuri. Tun 2009 ofishin jakadancin Amurka ya yi kashedi cewa a Roppongi ana zuba wa mutane ƙwaya a abin sha, a kwashe kuɗin katinsu suna sume.

Kada ka ce ai kai ba ka shan giya, abin bai shafe ka ba. 'Yan kamashon suna tsayawa a ƙofar sanannen gidan abinci su ce ya cika, su ja ka zuwa wani wai reshensa ne. Abin da ya fi yi mini ciwo, wasu cikin masu wannan tallar 'yan Afirka ne, suna kiranka ɗan'uwa, kai kuma kewar gida ta sa ka saki jiki. Hukumar Shinjuku ta hana jan mutane a titi, lasifika ma na ta maimaita kashedin. Gidan kirki ba ya aiko yaro ya kamo ka.

Sai dillalan da ke cewa ka tafi da bizar ziyara, ka kama aiki ka biya bashin tafiyar. Bizar ziyara ba ta halatta aiki ba ko na kwana ɗaya. Wanda aka kora don ya wuce wa'adi, shekara 5 ba zai sake shiga ba, kuma 'yan sanda na iya tsare wanda ake zargi har kwana 23 kafin a tuhume shi. Fasfonka ma dole ya kasance a jikinka duk inda ka sa ƙafa.

Idan kuɗinka na kafsul ne, kwana a kafsul, babu abin kunya a ciki. Ka yanki inshorar lafiya, don asibiti zai caje ka kuɗi cikakke. Ka rubuta lokacin jirgin ƙarshe, ka riƙe 110, lambar 'yan sanda. In kana da ƙani ko aboki da ke haɗa kayan wannan tafiya, don Allah ka isar masa da saƙon nan yau, tun bai tura wa kowa ko sisi ba.