Wa Ke Biyan Kuɗin Muryar da Muke Ji a Rediyo?

A ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, akwatin rediyo abokin aiki ne. Manomin shinkafa da ke ban ruwa a gonakin Bakalori yakan rataye shi a kafaɗa, mai shayi ya ajiye nasa kusa da tukunya. Muna buɗewa mu sha labarai ba mu biya ko kwabo ba, sai kuɗin batir. Saboda haka da yawa daga cikinmu suna tsammani rediyo kyauta ce kamar iska. To, 'yan'uwa, ba haka ba ne. Gidan rediyo kasuwa ce, abin da ake sayarwa a cikinta kuwa shi ne lokaci.

Gidan rediyo yana biyan albashi, yana sayen man janareta, yana biyan kuɗin lasisi. Kuɗin nan daga wurare uku suke fitowa: ko gwamnati, ko masu talla, ko masu ɗaukar nauyin shiri. Da, gwamnati kaɗai ke da gidajen rediyo a Nijeriya, irin su Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da Rima Rediyo ta Sakkwato. A 1992 aka yi Doka ta 38 wadda ta kafa hukumar NBC, ta kuma buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Raypower ta fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio kuma a Kano a 2003.

Sana'ar ba ta da sauƙi ko a ƙasashen masu arziki. Kamfanin iHeartMedia na Amurka, mai tashoshi fiye da 850, bashin da ya haura dala biliyan 20 ya kai shi gaban kotu neman kariya a 2018. Ya fito a 2019, ya ƙara ba da ƙarfi ga shirye-shiryen murya da ake saurara ta intanet a wayar hannu. In babba irin wannan ya yi tuntuɓe, ba za mu ga laifin ƙaramar tasha ba in ta ce sai an biya kafin a sa wa'azi.

Ga inda maganar ta shafe mu. Dokar NBC ta hana a ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasisin gidan rediyo. Wato Kirista da Musulmi duka, in suna son a ji su, sai dai tasha ta ba su fili, ko su saya.

Iyayenmu sun ji bishara da Hausa a rediyo ba su biya ba, domin waɗansu ne suka biya musu. Mishan ta SIM ta buɗe Rediyo ELWA a Laberiya a 1954. Ikilisiyoyin Lutheran na duniya suka buɗe tashar da muka sani da Muryar Bishara a Adis Ababa a 1963, ana shirya shirye-shiryen Hausa a Jos, a aika can, su dawo mana ta gajeren zango. Amma a 1977 gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar. A 1990 kuma yaƙin basasa ya rushe ELWA. A 2008 ƙungiyar TWR ta fara watsa shirye-shirye daga Jamhuriyar Benin a kan matsakaicin zango. Mun gode wa Allah dominsu, amma tarihin nan ya nuna mana cewa muryar da ke zuwa daga nesa, da aljihun wani, tana iya ɗaukewa dare ɗaya.

Waɗansu matasanmu za su ce ai yanzu zamanin waya ne. Gaskiya ne, ana tura wa'azi da waƙoƙin zumuntar mata ta WhatsApp. Sai dai ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a duk Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako. Makonni da dama babu kira, babu saƙo. Rediyo da memorin da ke cikin waya su ne suka rage wa mutane. Mai bi da ke ƙauye, wanda tsoron hanya ya hana shi zuwa sujada, ko tsohuwar da ba ta iya karatu ba, da waɗannan biyu ne za a kai gare su.

Me za mu yi ke nan? Na ɗaya, majami'u su haɗa kai. Abin da ya fi ƙarfin ikilisiya ɗaya ba zai gagari biyar ba, in aka keɓe baiko na musamman domin sayen minti 15 a mako a wata tasha ta Gusau ko Sakkwato. Kafin a biya, a tabbatar tashar tana kamawa a garuruwanmu. Na biyu, a rubuta yarjejeniya, da rana da lokaci da kuɗi, a karɓi rasit. Na uku, a shirya abin kirki da Hausa mai kyau, domin maƙwabtanmu Musulmi ma za su ji. Kada a zagi kowa, kada a yi gugar zana. A haɗa koyarwa da abin da zai amfani kowa, kamar lafiyar yara da zaman lafiya. Na huɗu, kowane shiri a zuba shi a memori, a ba masu bishara su kai ƙauyuka.

Waɗanda suka biya domin iyayenmu su ji, yawancinsu ba su taɓa ganin Mafara ba. Mu da muke zaune a nan mun san sunayen waɗanda suka daɗe ba su zo sujada ba, mun kuma san dalili. Muna roƙon dattawan ikilisiya su sa wannan magana a taronsu na gaba. Ubangiji ya ba mu zuciyar bayarwa. Amin.