Kafa Uwar Garken Wasa a Kwamfutar Gida

Duk wanda ya taɓa leƙa gidajen wasan gem na Mubi, inda samari ke jiran wanda aka ci ya tashi ya ba su wuri, ya san cewa wasan mutum biyu na'ura ɗaya ta ishe shi. Amma idan ana so mutum goma su shiga duniya guda, kowa daga kwamfutarsa, to lalle sai an keɓe wata na'ura wadda za ta riƙe hukuncin wasan, ta san inda kowa yake da abin da ya mallaka, ta kuma sanar da sauran nan take. Ita ake kira uwar garke, kuma tsohuwar laftof ta ɗalibin Jami'ar Jihar Adamawa ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana iya ɗaukar wannan nauyi.

Alal misali, mu ɗauki Minecraft, wanda kamfanin Mojang na Suwidin ya kammala fitarwa a 2011, kafin Microsoft ya saye shi a 2014. Mutum zai fara sanya Java, ya sauko da fayil ɗin uwar garken, ya kunna. Za ta ƙi tashi har sai ya buɗe eula.txt ya nuna ya yarda da sharuɗɗan kamfanin, sannan ta fara sauraron baƙi ta ƙofa mai lamba 25565. Manhajojin kula irin su Crafty Controller da AMP da Pterodactyl fa'idarsu ita ce su raba mai gida da wahalar rubuta umarni, su ba shi shafi guda inda zai kunna, ya kashe, ya ga waɗanda ke ciki, ya kori mai ɓarna. Pterodactyl tana bukatar Linux da Docker, don haka ba na ba mai koyo shawarar farawa da ita.

Mas'alar da ta fi ɗaure kan matasanmu ita ce ta adireshi. Galibin masu intanet a Mubi ta layin waya suke samunsa, kamfanonin waya kuwa sukan tara jama'a masu yawa a bayan adireshi ɗaya, tamkar 'yan haya da suka haɗa zaure, ta yadda abokin da ke Yola, ko ya yi sallama, ba a san ɗakin da yake nufi ba. Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne a fara da na kusa, a haɗu a kan rauta ɗaya, a ba kowa adireshin cikin gida na uwar garken, wanda yawanci yake farawa da 192.168; wannan wasan da ƙyar yake taɓa data.

Sai batun wuta, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci, domin idan aka ɗauke ta alhali na'urar tana tsakiyar rubuta ajiya, ginin da abokai suka shafe watanni suna yi yana iya lalacewa, kuma amana ce a hannun mai gida. Laftof mai lafiyayyen batir ta fi kwamfutar tebur aminci a nan, sai dai in akwai inbata ko sola. Wajibi ne a umarci manhajar ta riƙa kwafar ajiya kowane dare, a kuma mayar da kwafin kan filash duk mako.