Likitan Iyali Kyauta Ne A Biritaniya, Amma Wa Ke Samunsa?

Ranar 5 ga watan Yuli na 1948 ne Biritaniya ta buɗe tsarin kiwon lafiya na ƙasa, wanda Ministan Lafiya Aneurin Bevan ya tsaya tsayin daka har ya tabbata. Tun daga ran nan kowa na da ikon ya rubuta sunansa wurin likitan iyali, wato likitan unguwa wanda ya san mutum da gidansa, a duba shi ba ko sisi. Kafin haka, inshorar 1911 ma'aikaci kaɗai ta ɗauke wa nauyi. Matarsa da 'ya'yansa kuwa sai an biya.

Mai karatu zai zaci magana ta ƙare. Ina!

Wani likita mai suna Julian Tudor Hart, wanda ya shafe shekaru da dama yana aiki a Glyncorrwg, ƙauyen masu haƙar kwal a yankin Wales, shi ne ya tona asirin a mujallar likitoci ta Lancet cikin 1971. Abin da ya nuna shi ne, inda cuta ta fi yawa nan likita ya fi ƙaranci, abin kuma yakan ƙara muni duk inda aka bar kuɗi ya yi hukunci.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Likita ɗan Adam ne, ya fi son unguwar da aiki bai yi nauyi ba. Talaka kuwa cututtuka kan haɗu masa biyu ko uku tun bai tsufa ba, alhali kimanin minti 10 ake ba kowane mara lafiya. Mai ilimi ya san yadda zai tsara bayaninsa har a tura shi wurin ƙwararre. Lebura, wanda barin aiki na yini guda asara ce gare shi, sai ya daure har ciwon ya ci ƙarfinsa.

A 1980 kwamitin Sir Douglas Black ya tabbatar da wannan rata tsakanin masu hali da talakawa. Gwamnati ta saki rahoton lokacin hutu, kwafi 260 kacal, wanda a ganinmu binne shi aka so yi.

Shekara 40 bayan haka, binciken cibiyar Health Foundation na 2020 ya gano cewa a Ingila, idan aka auna da nauyin cuta, ɗakunan likitocin unguwannin talakawa na samun kuɗi ƙasa da na masu hali da wajen kashi 7 cikin 100 a kan kowane mutum.