Tsohuwar Mota A Sabuwar Hanya: Batun Sauya Aksul Na Baya

A ƙasar Amurka akwai mutane masu yawa waɗanda ba su da abin sha'awa kamar su sami tsohuwar a-kori-kura ta zamanin kakanninsu, su gyara ta, su shafe ta da fenti, su fita da ita kan titi. Cikin waɗanda a ka fi nema akwai ƙirar Chevrolet da a ka yi daga 1947 zuwa farkon 1955, musamman ƙaramar, mai lamba 3100, wadda a ka yi domin ɗaukar kaya rabin tan. Injinta mai silinda shida dangin na Bedford ne, motar nan da ta sha jigilar gyaɗa da auduga a ƙasarmu, gama Bedford na farko da a ka ƙera a Luton ta Ingila cikin 1931 daga Chevrolet ya samo asali.

To, duk wanda ya gama gyaran irin wannan mota ya hau babbar hanya, kuka ɗaya ya ke komowa da shi. Da ta kai mil 45 ko 50 a sa'a sai inji ya kama ruri kamar zai tsage, motocin zamani kuwa suna ta wuce shi ta ko wane gefe. Maganin da a ka fi ba shi shi ne ya sauya aksul na baya. Muna so mu bayyana wa masu karatu abin da wannan sauyi ke jawowa, da abin da ya ke ci.

DALILIN RURIN INJI

Ba laifin maƙera ba ne. Sun yi motar domin manomi da ɗan kasuwa, mai ɗaukar buhunan hatsi a hanyar ƙauye, ya hau tudu, ya ratsa taɓo. Manyan hanyoyin nan da su ka haɗa jihohin Amurka ba a sa hannu a dokar gina su ba sai cikin 1956, zamanin Shugaba Eisenhower, bayan an daina yin wannan ƙira. Watau motar ta riga hanyar zuwa duniya.

A tsakiyar aksul na baya akwai tulun ƙarfe. Cikinsa akwai babban faifai mai haƙora, da wani ƙaramin giya da ke juya shi, wanda sandar farfela ke kawo wa ƙarfi daga giyabos. In babban yana da haƙora 37, ƙaramin yana da 9, sai ƙaramin ya juya sau huɗu da ɗan ɗori kafin taya ta zaga sau ɗaya. Wannan shi ne abin da makanikai ke rubutawa 4.11, kuma shi ne rabon da a ka saba sa wa 3100. Yayyenta masu ɗaukar kaya da yawa sun fi haka: ta kashi uku cikin huɗu na tan 4.57, ta tan guda 5.14. A giyar ƙarshe kuwa, juyin inji da na farfela ɗaya ne, babu ragi.

LISSAFIN DA KO ƊAN MAKARANTA ZAI IYA

Mu ɗauki taya mai tsawon inci 28 daga ƙasa zuwa sama, wadda ta yi kusa da irin da a ke sa wa motar tun asali. Kewayenta inci 88 ne. Mil guda inci 63,360 ne. In mun raba, za mu ga taya tana zagawa sau 720 a ko wane mil. Mota mai gudun mil 60 a sa'a tana cin mil guda a minti guda, sabo da haka tayarta na zagawa sau 720 a minti.

Yanzu sai mu riɓanya da rabon aksul. Da 4.11, inji zai juya kusan sau 2,960 a minti. Da 3.55, kusan 2,560. Da 3.08, kusan 2,220. Abin lura a nan shi ne, wannan adadi na ƙarshe daidai ya ke da juyin injin a mil 45 da aksul na asali. Watau mai 3.08 yana tafiya mil 60 injinsa na jin kamar mil 45 ya ke yi.

Wannan ragi ba domin jin daɗin kunne kaɗai a ke nemansa ba. Injin da ke cikin motocin 1947 zuwa 1953, wanda a ke kira 216, iyakar ƙarfinsa doki 90 ne ko 92, kuma yana kai wa ga wannan ƙarfi ne wajen juyi 3,300 zuwa 3,400. Bakin mai ba ya isa ga sandunan fistan da matsi mai ƙarfi kamar na injin zamani. Wasu 'yan cokula ne a gindin sandunan ke kamfatar man suna watsawa, farin ƙarfen da ke tsakanin sanda da karanshaf kuwa zuba shi a ka yi da narke. Irin wannan inji yana iya shekaru yana aiki in an bi shi a hankali, amma in a ka riƙe shi kusa da juyi 3,000 sa'a bayan sa'a, ana rage masa kwana. Sai cikin 1954 ne a ka sa wa motar inji 235 mai tura mai da matsi ko'ina.

TAURA BIYU BA TA TAUNUWA

Aksul ba ya ƙara wa inji ƙarfin doki ko guda. Abin da ya ke yi kamar musaya ce a kasuwa: ka ba da ƙarfin ja, ka karɓi gudu. Wanda ya koma 3.55 ya bar wajen kashi 14 cikin ɗari na ƙarfin da ke isa ga taya a ko wane giya. Wanda ya koma 3.08 ya bar rubu'i cif. Zai ji haka tun wajen tashi, sai ya riƙa jan kuloci kafin mota ta motsa, in da kaya a baya kuwa abin ya fi muni. Tudun da a da ya ke hawa da giyar ƙarshe, yanzu sai ya sauko giya na biyu.

Har wa yau akwai iska. Gaban wannan mota a tsaye ya ke kamar bango, kuma ƙarfin da a ke bukata domin keta iska a mil 60 ya fi ninki biyu na wanda a ke bukata a mil 45. Sabo da haka in an zarce wajen rage rabo, sai a tarar inji ba shi da ƙarfin riƙe gudun da a ka yi wahalar domin sa, direba ya danne totur har ƙasa, mai yana ƙonewa a banza. Shi ya sa da yawa daga masu injin asali su kan tsaya wajen 3.55.

AIKIN YA FI YADDA A KE ZATO

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar aksul ɗin a wurinsa, a buɗe tulun, a sauya faifan da ƙaramin giyan kaɗai, gama ana ƙera na 3.55 musamman domin wannan mota. Ko wannan ma aikin gwani ne, domin in haƙora ba su zauna daidai ba za su yi ta kuka har su cinye juna.

Mai son ɗauko aksul sukutum daga wata mota ta baya-bayan nan, aikinsa ya fi yawa. Har zuwa 1954, farfelar 3100 a cikin bututun ƙarfe ta ke, wanda ya haɗe da aksul ya tafi har bayan giyabos, kuma shi ke hana aksul murɗewa. In an cire shi, tilas a sami giyabos mai karɓar buɗaɗɗiyar farfela, a yanka farfelar daidai tsawo. Tilas a yi waldar sababbin mazaunan sifirin, a auna su sosai, in ba haka ba taya ba za ta zauna a tsakiyar mazauninta ba, ko kuwa bakin tulun ya karkace mota ta riƙa kakkarwa. A auna faɗin aksul kada taya ta goga jikin akwati. A duba kusoshin wili kuma: na asali shida ne, na yawancin ƙananan motoci biyar, mai sakaci sai ya wayi gari yana bukatar safaya iri biyu.

Akwai kuma hanya ta uku, watau a sa giyabos mai giya biyar, wanda na biyar ɗinsa ke sa farfela ta fi inji saurin juyi. Da haka a ke riƙe ƙarfin tashi, a kuma sami sauƙi a babbar hanya, ko da ya ke shi ma sai an rabu da bututun.

ABIN DA YA FI GUDU MUHIMMANCI

Agogon gudu daga giyabos ya ke samun labari, bai san an sauya kome a baya ba. Da 3.55, in mota na mil 60 zai nuna wajen 52. Da 3.08 zai nuna 45. Direban da bai gyara shi ba yana gudun da bai sani ba.

Babban abin tsoro kuwa shi ne birki. In mota na bukatar taki 9 ta tsaya a wani gudu, to, in an ƙara gudun da sulusi, kamar daga 45 zuwa 60, taki 16 za ta bukata. Birkin wannan mota na ganga ne a ƙafafu huɗu, kuma tukunyar man birkinta ɗaya ce tak, in tiyo guda ya fashe duka huɗun sun tafi. Motocin Amurka ba su koma tukunya mai ɗaki biyu gaba ɗaya ba sai wajen 1967. Ba ta kuma zo da ɗamarar kujera ba, sitiyarinta da sifirinta duk na tafiyar ƙauye ne.

Sabo da haka shawararmu ga mai wannan niyya ita ce ya juya tsarin aikin. Ya fara da birki da tayoyi da sitiyari, ya sa ɗamara. Sa'an nan ya ɗauki fensir da takarda, ya auna tayarsa, ya yi lissafin da mu ka nuna, ya tambayi kansa ko motar za ta ci gaba da ɗaukar kaya, da kuma irin tuddan da ke ƙasarsu. In ya yi haka, sauya aksul zai ba shi mota mai tafiya mil 55 ko 60 cikin natsuwa, injinta kuma ya daɗe. In ya fara da aksul ya bar birki sai wata rana, ya tuna masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa.