Otal ɗin Bagauda: Masaukin Da Gwamnati Ta Gina A Bakin Ruwa, Ta Kasa Riƙewa

Duk ɗalibin shari'a da aka tura karatu Bagauda, a ƙaramar hukumar Bebeji ta Jihar Kano, yana kwana ne a wurin da aka gina domin 'yan yawon buɗe ido. Kafin ya zama reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya, nan ne Bagauda Lake Hotel, masaukin da ya ci sunan Bagauda, sarkin Kano na farko, wanda tarihi ya ce ya hau mulki a shekarar 999.

Otal ɗin ba na wani attajiri ba ne. Mallakin gwamnatin tsohuwar Jihar Kano ne, kuma tunanin Audu Bako ne, kwamishinan 'yan sandan da ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975. Lissafinsa shi ne a tare ruwan damina, a yi noman rani da shi, a sha, a kama kifi, sa'annan a kafa masauki a gefe domin ruwan ya jawo baƙi da kuɗinsu. Da wannan lissafi aka gina madatsar Bagauda, aka bi ta da ta Tiga da otal ɗinta na Rock Castle. Farin da ya addabi yankin Sahel a farkon shekarun 1970 ya gaskata shi a kan batun ruwa. Batun otal kuwa ya zo da gardama.

Dalili a fili yake. Madatsa tana iya jure sakaci na 'yan shekaru, amma otal kullum yana neman gyara da tsafta da mai kula da aljihu, kuma abin da aka ce na gwamnati ne ba ya samun mai tashi cikin dare domin sa. Audu Bako ya sauka tare da gwamnatin Gowon a 1975, ya rasu a 1980. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan mamakon ruwan sama, ta yi ta'adi mai yawa. Bagauda ta tsira da gine-ginenta ne don kawai an sauya musu aiki. Rock Castle bai samu wannan rabo ba, ya daɗe yana zaman kufai.

Wannan labari ya shafi mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura kai tsaye, domin a lokacin duk 'yan Jihar Kano ne, da dukiyarsu aka yi aikin. Da aka ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, otal-otal ɗin suka zauna a ɓangaren Kano. Kazaure dai tana da nata ruwan, madatsar Muhammadu Ayuba, ga duwatsu kewaye da gari. Duk ranar da wani gwamna ya zo da alkawarin gina wurin shaƙatawa a bakinta, tambayar da ta kamaci matasan yankin ita ce: wa zai mallake shi, kuma daga wace asusu za a biya kuɗin gyaransa bayan gwamnan ya sauka?