Shan Man A-kori-kura a Hanyoyin Arlit: Laifin Inji ko na Ƙafar Direba?

Arlit gari ne da taya ke ciyarwa. Yuraniyom ne ya kafa shi a tsakiyar hamada, inda kamfanin SOMAIR ya fara fitar da ma'adini a 1971, COMINAK kuma ya biyo baya a Akokan a 1978 har zuwa rufe shi a watan Maris na 2021. Hatsi da siminti da magani duk a kan mota suke isowa. Agadez tana da nisan kilomita kusan 240 ta kudu, Assamaka kusan 200 ta arewa, ga kuma wuraren haƙar zinariya irin su Tchibarakaten da suka buɗe tun 2014. Motar da ke haɗa waɗannan wurare ita ce a-kori-kura, Hilux ko Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya. Kukan masu ita kullum ɗaya ne: motar nan tana shan mai. Wasu su ɗora laifin a kan tsufan inji, wasu a kan lalacewar hanya, kuma duka biyun suna da nasu kason. Amma kaso mafi tsoka cikin man da za a iya cetowa yana ƙarƙashin ƙafar direba da hannun mai lodi, kuma gyaransa ba ya cin ko dala.

Kafin mai ya shiga tankin mota a Arlit, shi kansa ya sha doguwar tafiya. Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ganga 20,000 aka gina ta ta tace a rana, kuma tsakanin Damagaram da Arlit akwai kilomita kusan 700 da tankokin mai za su ratsa. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sauke farashin litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, na gazuwal daga 668 zuwa 618. An ji daɗin ragin, sai dai ƙarancin man da aka yi a watan Maris na 2025 ya nuna cewa farashi mai sauƙi ba ya tayar da mota in famfo ya bushe. Garin da ke ƙarshen hanya kuwa ba shi da makwabcin da zai ruga wurinsa aron lita.

Babban abin da mota ke kokawa da shi a doguwar hanya shi ne iska. Duk wanda ya taɓa fitar da tafin hannunsa ta tagar mota tana gudu ya san yadda iska ke tura shi baya. Ƙa'idar da masana suka tabbatar ita ce, in gudu ya ninka sau biyu, turjiyar iska tana ninkawa sau huɗu. Motar da ta tashi daga kilomita 80 a sa'a zuwa 120 tana fuskantar turjiya fiye da ninki biyu, kuma da mai inji ke biyan wannan bambanci. Cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada motoci 74, ta gano cewa nisan da lita ɗaya ke kai mota yana raguwa da kusan kashi 12 cikin 100 in an ƙara gudu daga kilomita 80 zuwa 97, ya sake raguwa da kusan kashi 14 daga 97 zuwa 113. In an haɗa, rubu'in ƙarfin litar ya tafi. A-kori-kura kuwa doguwa ce, mai faɗin goshi, ba a ƙera ta don yanka iska ba.

Mu ɗauki misali da lissafi. A ce mota tana shan lita 12 a kowace kilomita 100 in tana tafiyar 80. Daga Arlit zuwa Agadez za ta sha lita 29 cikin sa'a uku. In direba ya danna totur ya riƙe 113, shan zai kai lita 16, ke nan lita 38 kafin Agadez. Ya ci ribar abin da bai cika sa'a ɗaya ba, ya ƙone lita tara, wato fiye da jika biyar da rabi a farashin gazuwal na 2024. Zuwa da dawowa jika goma sha ɗaya. Mai motar da ke yin wannan hanya sau biyu a mako, sai ya tambayi kansa ko mintuna hamsin ɗin da aka riga kowa isa tasha sun taɓa mayar masa da wannan kuɗi.

Na biyu shi ne lodi. A duba yadda ake ɗaure mota mai zuwa wurin zinariya: buhunan shinkafa da katan-katan a ƙasa, katifu da injin tono a bisa, jarkokin ruwa na reto a gefe da gefe, sannan fasinja su hau can ƙololuwa sun naɗe fuska da rawani, ƙafafu a waje. Kayan sun zarce kan motar da kamu biyu ko uku, sun zama bangon da iska ke duka. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa akwatin kaya guda a kan rufin mota yana iya rage nisan lita da kashi 10 zuwa 25 cikin 100 a babban gudu, balle irin wannan tuli. Nauyi ma yana da nasa haraji, domin tanon gazuwal mai lita 200 ya kai kilo 170 ban da ƙarfensa. Ba a cewa a bar ruwa ko man ajiya a gida. Abin da ake nema shi ne kaya masu nauyi su zauna ƙasa kusa da bayan direba, a rage tsawon lodi, a ja tamfol ya ɗame kada ya riƙa kaɗawa, kuma gwargwadon tudun kaya gwargwadon rage gudu.

Direban hamada zai ce ba a shiga rairayi da taya mai tauri, dole a sace mata iska, a sa giyar taya huɗu, a riƙe wuta kada mota ta kafe. Gaskiya ya faɗa, kuma man da aka ƙona a rairayi ba ɓarna ba ne. Ɓarnar tana farawa ne bayan an hau kwalta. Tayar da aka bari a sace tana shimfiɗuwa a ƙasa, tana jan inji, tana ɗaukar zafi har ta fashe. Mintuna goma na bugun iska a bakin kwalta, da cire giyar taya huɗu, da kwance makullin tayoyin gaba ga motar da ke da shi, sun fi kowane maganin da ake zubawa a tanki. Haka matatar iska: ƙurar wannan yanki na Ayar tana toshe ta da wuri, kuma baƙin hayaƙin da tsohon injin gazuwal ke fesowa mai ne da bai gama ƙonewa ba.

Wani zai ce ai hanyar yuraniyom, wadda aka shimfiɗa daga Tawa zuwa Arlit tsakanin 1976 da 1980, ta ragargaje a wurare da dama, ina ma aka ga filin gudu? A irin wannan hanya salon ɓarnar ne ke sauyawa. Direba ya ga ɗan wuri mai kyau ya taka wuta, ya hango rami ya danne burki, ya sake tashi daga giya ta biyu. Duk taka burki zubar da man da aka riga aka ƙona ne. Wanda ya riƙe tafiya ɗaya, yana hangen nesa yana sassauta ƙafa tun kafin rami, yakan iso ba da nisa ba a bayan mai gaggawa, da sauran mai a tanki da lafiyar ƙafafun mota. Maganar tsaro ta fi wannan nauyi, domin 'yan fashi a hanyoyin arewa ba tatsuniya ba ne, kuma akwai wurin da tsayawa ko jan jiki ganganci ne. Amma irin waɗannan wurare sanannu ne, ba su ne dukan hanya ba. Tafiya cikin ayari da rana ta fi gudu kariya, kuma motar da ta tattala manta tun farko ita ce ke da abin gudu ranar da gudun ya zama dole.

Saura masu cewa man da ke shigowa ta iyakar Aljeriya yana da araha, don haka tattali wahalar banza ce. Arahar ba ta da tabbas, domin ranar da aka tsaurara iyaka farashin kwalba a bakin titi yakan yi tsalle. Kuma a hamada lita tana da wata daraja bayan ta kuɗi, ita ce nisan da ya rage tsakanin mota da rijiya. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, galibinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Lalacewa ce ta tsayar da waɗancan motoci, amma hamada ba ta tambayar dalilin tsayuwar mota.

Mataki na farko shi ne awo, domin yawancin gardamar shan mai a tasha babu alƙalami a cikinta. A cika tanki fal, a rubuta lambar kilomita, a yi tafiya, a sake cikawa, a raba litocin da nisan da aka ci. A yi haka sau ɗaya da gudun da aka saba, sau ɗaya da 80 zuwa 90, a kwatanta. Masu motoci kuma su daina yaba wa direba don ya riga kowa isowa, su ba shi wani kaso daga man da ya ceto. Farashin lita da gyaran hanyar Tawa suna hannun hukuma, amma totur da igiyar lodi da famfon taya suna hannun mai mota da direbansa, sai su fara daga nan tun tafiyar gobe.