Jakar Mai Ciwon Sukari da Zafin Ƙasarmu

A watan Afrilu zafi a Sakkwato ko Maiduguri kan haura digiri 40 ko da a inuwa. Motar da aka ajiye a rana aka rufe gilasai kuwa, cikinta ya fi haka nesa ba kusa ba. A irin wannan wuri ne masu ciwon sukari da dama ke barin jakar kayan gwajinsu, su shiga kasuwa ko ofis, su dawo bayan la'asar su huda yatsa, kuma su gaskata duk lambar da na'ura ta nuna musu.

Na'urar ba ta cika samun matsala ba, tsinken gwajin ne ba ya jure wahala. A bakin kowane tsinke akwai sinadarin da ke haɗuwa da sukarin da ke cikin ɗigon jini, ya haifar da ɗan lantarki kaɗan, na'ura ta auna ta mayar da shi lamba. Zafi da laima suna raunana wannan sinadari, shi ya sa kamfanoni ke zuba tsinkayen a 'yar roba mai murfi da ke tsotse danshi, kuma galibinsu ke rubuta kada a ajiye a inda ya wuce digiri 30. Wanda ya zare guda biyar ya ƙulle a leda ya cusa a aljihun riga, wai don rage kaya, ya yi wa kansa sakiyar da ba ruwa. Lambar ƙarya ta fi rashin gwaji haɗari, domin a kanta mutum zai ƙara allura ko ya rage. Sannan tsinken Accu-Chek ba ya aiki a na'urar OneTouch, don haka mai tafiya ya ɗebi isasshe tun daga gida, ya duba ranar ƙarewarsa.

Akwai kuma wani ɗan abu da ake rainawa. Mutum ya ɓare dabino ko ya sha mangwaro, ya goge hannu a riga, ya huda yatsa: zaƙin da ya maƙale a fata zai gauraya da jinin, lamba ta yi sama, hankali ya tashi a banza. Ɗan guntun sabulu da ƙyalle mai tsabta a jaka sun raba gardama. In sifirit aka shafa, a bari ya bushe tukuna.

Insulin, wanda Banting da Best suka fitar a Toronto a 1921, shi ma ba ya son zafi, amma ƙanƙara ta fi yi masa illa. Wanda ba a buɗe ba wurinsa firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. In ya daskare ya tashi daga aiki ko da ya narke, saboda haka kada a manna shi da ƙanƙara a cikin kula. Wanda aka fara amfani da shi kan yi kimanin mako huɗu a wajen firji. A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba sun fitar da binciken da suka gina a kan yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda zafin ɗaki ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 zuwa 37, suka ga insulin ya riƙe ƙarfinsa tsawon waɗannan makonni. Albishir ne ga mu da wutar lantarki ke yi wa wasan ɓuya, sai dai binciken bai ce a bar shi a gaban mota ba. A gida, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, tana taimakawa matuƙa. A hanya kuwa, a nannaɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyalle a sa a tsakiyar jaka.

Tsarin jakar ni a ganina ya kamata ya bi gaggawa, ba kyan gani ba. Aljihun waje, wanda hannu ke kaiwa ba sai an duba ba, na kayan zaƙi ne: ƙwayoyin sukari, alewa ko ɗan lemon kwali. In sukari ya faɗi ƙasa da 70, jiki na rawa, zufa na karyowa, ido na ganin dishi-dishi, ba lokacin zazzage jaka ba ne. A sha kimanin giram 15, wato babban cokali ɗaya na sukari, a jira minti 15, a sake gwadawa. Masu allura da masu shan glibenclamide su suka fi bukatar wannan aljihu. A kula, na'urar da aka kawo tsaraba daga Ingila da wani ma'auni take ƙirga, 70 ɗin nan a wurinta 3.9 ne.

Na'ura, robar tsinke, abin huda yatsa da auduga su zauna tare a 'yar jaka guda mai zif, da batir na ko-ta-kwana da littafin rubuta sakamako. Alluran da aka gama da su a jefa a kwalbar roba mai kauri da murfi, kada yaro ya zura hannu neman alewa ya gamu da tsini.

Maniyyata aikin Hajji da sauran masu hawa jirgin sama su riƙe kayan nan a jakar hannu. Babban akwati na iya ɓata ko ya makara, kuma sanyin ɗakin kaya na iya daskarar da insulin. Takardar likita tana sauƙaƙa bayani a wurin bincike.

Saura kati guda: sunan mai jaka, cewa yana da ciwon sukari, magungunan da yake sha da lambar wayar wani nasa. Uwargida, maigida, 'ya'ya da direba, kowa ya san aljihun da sukari yake. In kun ga mutuminku ya rikice amma yana iya haɗiya, ku ba shi ya sha. In ya riga ya suma, kada ku ɗura masa komai a baki. Ku kwantar da shi ta gefe, ku garzaya da shi asibiti.